Haƙorin da Aka Ajiye Mini

Shekarar da nake ajin ƙarshe a kwaleji ruwa ya ƙi mu. Gulbin Sabon Birni ya koma rairayi, mata na tona shi da sakaina suna zaman jiran ya tsatso. Gero ya kawo iya gwiwa, ya yi kamar zai fid da kai, sai ya kwanta. A ƙauyenmu, ta wajen Gatawa, aka koma ga dilo, wato 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin ɗacin ya fita. Wanda bai ci dilo ba ba zai gane abin da nake nufi ba, ni kuwa ba na yi masa fatan ya gane.

A cikin dilon nan Baba ya tauna tsakuwa, matauninsa na ƙasa ya tsage. Ina gida hutu lokacin. Na ga ya ajiye ƙoshiya ya dafe kunci. Daga ranar haƙorin nan bai sake barinsa ya huta ba. An cusa kanumfari, an sa jar kanwa, an yi masa hayaƙin 'ya'yan gauta wai don tsutsar ta faɗo. Ya lafa mako guda, ya dawo da kumburi har ido ya ƙanƙance.

Wata rana ina riƙe masa ƙwaryar ruwan gishiri, tausayi ya kama ni, na ce in Allah Ya sa na ci jarrabawa karatun haƙori zan yi. Magana ce irin ta yaro, ta kwantar da hankali. Baba kuwa ya ɗauke ta ya kai ƙofar masallaci. Da wanzamin garinmu ya ce masa ya zo a fitar da shi a huta, sai ya amsa a gaban kowa:

"Wanga haure ɗana za shi ɗebe shi. Ba wani ƙarhen da ka shiga bakina sai nashi."

Mu can haure muke ce wa haƙori. Bagobiri kuwa in ya faɗi magana a bainar jama'a, to ya ɗaure kansa da igiyar da ba mai kwancewa. Wanzamin ya sake yi masa tayi ba sau ɗaya ba, yana korar sa. Har abin ya zama gaisuwa a gari. Maimakon a tambayi Baba ya jiki, sai a ce ya hauren likita, shi kuma ya ce yana nan yana jiran mai shi.

Na ci jarrabawar. Damina ta sake zuwa ta wuce kamar ba ta san hanyar garinmu ba. Yayana ya tafi cin rani bai dawo noma ba, don ba abin nomawa, abin da yake aikowa da shi muke haɗawa da dilo. Ana cikin haka makarantu biyu suka ba ni gurbi.

Ɗaya a nan Arewa take, tafiyar yini guda a mota. Shekara uku ake yi. Ana koya maka wanke haƙori, da cike wanda ya yi rami, da fitar da wanda bai yi gardama ba. In ka gama kai ne mai taimakon likita, kuma aiki na jiran ka, don asibitocinmu ba su da ko irin waɗannan. Ɗayar tana Kudu, ƙasar Yarbawa, kusa da teku. Shekara shida. Sai ka fara zama aji ɗaya da masu karatun likitan jiki, ka san mutum daga kai har ƙafa, sannan a bar ka ka taɓa baki. Gida kuwa sai shekara-shekara, shi ma in da hali.

Malamin da ya koya mana kimiyya ya zayyana mini su tsaf, amma ya ƙi zaɓa mini. Ni dai na riga na yanke. Kullum ina kallon Baba yana tauna da gefe guda yana runtse ido, ina kallon Inna, mahaifiyata, tana karkaɗe buhu a kan faifai. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Na ce ta kusa za ni.

Inna ba ta ɓoye murnarta ba. "Ni dai ta kusa," ta ce. "In ka yi ciwo mu ji."

Da safe ina zaune da Baba gindin bedin ƙofar gida, wato darbejiya. Ya shiga yi mini tambaya irin wadda yake yi in zai sayi jaki, a hankali, ba ya ɗaga kai.

"Wagga ta kusa, in ka ƙare, mi kaka zama?"

"Mai taimakon likita, Baba."

"Ta nesa hwa?"

"Likita."

"To shi mai taimakon, in haure ya karye cikin ƙashi, shina iya ɗebe shi?"

"A'a. Sai shi tura mutum wurin likita."

"Likitan shina ina?"

"Sakkwato."

Ya shiga murza ƙasa da yatsa. Ni da shi mun san mutum nawa ne a garinmu za su iya kai bakinsu Sakkwato a shekarar da ba a ci an ƙoshi ba.

Na ce, "Baba, shekara ukku ta. In dawo in ɗebe maka hauren ga, in riƙa kawo hatsi gida."

"Hatsi na Allah na, kuma yayanka na waje. Bar wannan." Sai ya ɗago ya dube ni. "Hauren ga shi ka riƙe ka?"

"Shi na, Baba. Ba ni iya barin ka da shi shekara shidda."

Ya gyaɗa kai, ya tashi ya shiga gida. Na ɗauka na yi nasara. Har daɗi na ji, don ba a saba kayar da Baba a magana ba.

Ranar kasuwar garin Isa ya fita da sassafe bai gaya wa kowa inda za shi ba. Ba mu da abin sayarwa, ba mu da abin saye, don haka Inna ta ɗauka gaisuwar mutuwa ya tafi. Sai bayan la'asar muka gan shi tafe, ya zagayo da rawani ƙarƙashin haɓa ya ɗaure, gaban rigarsa duk ɗigon jini ya bushe. Daga inda mota ta sauke shi a ƙasa ya tako. Ya zauna a zaure, ya nemi ruwa ya kurkure baki, sannan ya kira ni. Ya ciro wani ɗan tsumma daga aljihu, ya kama hannuna ya buɗe, ya kwance shi a tafina.

Haƙorin ne, baƙi, a tsage, da saiwarsa.

Wani wanzami ya samu a kasuwa, wanda bai san shi ba, bai kuma san maganar da ya yi a ƙofar masallaci ba. Mutum biyu suka danne masa kafaɗu aka sa awartaki. Na garinmu yana nan, ba tafiya ba wahala, amma Baba ba zai iya zama gabansa ya buɗe baki ba bayan korar da ya sha yi masa. Gara ya je Isa.

Da ƙyar maganarsa ke fita. Ya ce, "Ga abin da kac ce shi ka riƙe ka. Na ɗebe ma shi. Saura mi?"

Ban yi godiya ba. Haushi na ji. Wannan aikina ne, shi ya ba ni shi da bakinsa, ya sa duk gari suka sani, ga shi ya ɗauka ya kai wa baƙo. Na ce, "Baba, don mi?" Ya jingina da bango ya rufe ido. Inna na tsaye bakin ƙofar cikin gida, ta dubi tafina, ta dubi mijinta, ta koma ciki ta ɗora ruwan zafi. Ta gane kafin ni cewa an gama magana.

Gari bai bar shi ba. Washegari da ya fita masallaci da kumburarren kunci, tsararrakinsa suka taso shi. Ina likitan? Ashe ƙarfen Isa ma yana shiga? Mutumin da ba ya son a ce ya ja da baya ko a wasan dara, ya tsaya ya shanye. Abin da kawai ya ce shi ne, "Wanga ƙaramin aiki na. Nawa ɗan manyan ayyuka za shi koyo." Ina bayansa na ji, kuma a nan haushin ya sake ni, wani abin da ya fi shi nauyi ya maye wurin.

Ranar da zan tafi Kudu Inna ta rasa abin yi mini guzuri sai 'yar ƙullin aya. Tana ta nanata nisan wurin da rashin kowa namu a can. Baba ya ce, "Ke bari. Wurin bayinmu za shi. Wane Bayarabe ka taɓa Bagobiri?" Tsakaninmu da Yarbawa akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na cewa shi ne ubangijin ɗaya. Ya shafa tsagen da ke kumatuna da babban yatsa ya ce wannan ya ishe ni takardar shaida. Inna ta yi dariya tana share ido. A bakin hanya ya tsaya, bai ɗaga hannu ba har motar ta sha kwana.

Maganarsa ta fito. Wata mai sayar da abinci a bakin makaranta tana ganin fuskata ta ce ga bawanta ya iso, ta ƙara mini nama a kan na kowa, kuma haka ta yi ta yi har na gama. Cin abinci sau uku a rana shi ya fi ba ni wuya a farkon zuwana. In na ɗebo loma sai in tuna faifan Inna. Ruwa kuma ga shi yana zuba a banza dare da rana, yana bin kwata yana komawa teku. Na sha tsayawa a baranda ina kallon sa da fushi, kamar shi ya yi mana laifi.

Duk zuwana gida Baba sai ya zaunar da ni gindin bedi ya tambaye ni inda aka kai. In na ce har yanzu ba a bar mu mun taɓa bakin mai rai ba, sai ya ce, "Madalla. Ba su gaugawa."

Ina shekara ta huɗu ya rasu. Ruwa ya dawo a shekarar, ya fita noma da ƙarfin da ba shi da shi, tari ya kama shi. Wani direban babbar mota ya kawo mini labari, an riga an yi sadakar bakwai. Da ta kusa na je, da na dawo na zauna da shi shekara guda cur, da ni zan kai shi asibiti, da da ni za a sa shi a kabari. Na yi wannan lissafin sau ba adadi, kuma har yau in na yi shi yana yi mini zafi. Mutane na ce mini ai ga shi yanzu ana zuwa wurina daga Kurawa, daga Gangara, har daga tsallaken iyaka, da haƙoran da suka karye cikin ƙashi. Gaskiya ne. Ba ta taɓa rage mini komai ba.

Da na gama na dawo gida da 'yar jakar kayan aikina. Jama'a suka yi ta shigowa barka har rana ta yi tsaka. Da suka watse Inna ta kawo tuwo, tuwon hatsi na gaske, muka zauna a inuwar rumbu. Sai na lura tana kai loma gefe guda, tana runtse ido. Na san wannan runtsewar tun kafin in san sunan ko ƙashi ɗaya.

"Inna, buɗe in gani."

Ta buɗe ba gardama, kamar dama jira take. Matauni ne na sama, ya cinye har ya kusa kai dasashi. Ba ciwon wata ɗaya ba ne, ba kuma na shekara ɗaya ba. Duk zuwan da nake yi hutu ɓoye mini take yi.

"Tun yaushe?"

"Tun babanka shina da rai."

"To mi yah hana a ɗebe?"

Ta gyara ɗankwali, ta dubi ƙasa. "Shi yac ce in bari. Yac ce nashi ya ɓata maka, ni in aje maka nawa."

Na tafasa ƙarafana a tukunyarta. Na zaunar da ita a kujerar tsugunno, ta jingina kai da rumbu, na yi mata allurar kashe zafi. Na ɗauki ƙarfe na kama aiki. Haƙorin bai yi gardama ba. Na danna auduga na ce ta cije.

Ta jima a haka, sannan ta ce ta gefen baki, "Ka hwara?"

"Na ƙare, Inna."

Na nuna mata shi a cikin ƙaramin kwano. Ta taɓa kuncinta, ta sake taɓawa, tana neman zafin ba ta same shi ba. Sai hawaye suka zubo mata.

"Ashe haka abin yake," ta ce. "Shi ko mutum biyu sunka danne shi."