Maestra Vanna, Mai Gyaran Zanen da Kogi Ya Ci

Ranar Talata, 12 ga Fabrairu, 2019, da hantsi, ina ɗakin gyaran zane-zane na gidan tarihinmu da ke bakin kogin Arno, Ilaria ta bugo mini waya. Ta ce, "Neri, Mama ta cika." Allah Ya yi wa mahaifiyarta Vanna Tarchiani rasuwa, wadda dukanmu ma'aikatan gidan nan muke kira Maestra, wato Malama, domin a hannunta muka koyi aiki.

Maestra, baƙi na cika zaurukanmu kullum, suna tsayawa gaban mala'iku masu fukafukan zinariya da mutum-mutumin farin dutse na saurayin nan mai barci. Ba su san cewa da yawa daga cikin zane-zanen da suke kallo a kafaɗarki suka hau bene ba.

Ranar da Arno ya cika ya afka wa birninmu Firenze, a watan Nuwamban 1966, kina budurwa sabuwar ɗauka. Kika shiga ruwan taɓo har ƙugu, ke da abokan aikinki, kuna kwaso allunan zane daga ɗakunan ƙasa. A daidai lokacin mahaifinki, mai ɗinkin takalma, yana shagonsa na ƙarƙashin ƙasa a unguwar Santa Croce. Ruwa ya danne masa ƙofa. Sai da ruwan ya janye aka sami gawarsa. A bakin wasu na ji wannan, domin ke ba ki taɓa ambata ba. Amma duk sa'ad da aka kece da ruwan sama, sai ki ajiye burushi ki tsaya a taga.

Cikin abin da kika ceto akwai zanen Maryamu rungume da gawar ɗanta. Taɓo ya cinye rabin fuskar uwar. Shekaru kika yi kina gyaransa. Shugaban gidan na wancan lokaci ya matsa ki ƙarasa fuskar da hannunki, kika ce masa, "Yallaɓai, ni mai gyara ce. Fuskar da ban gani ba, ba zan ƙaga ta ba. In sabuwar mace kake so, ga kasuwa can." Har yau rabin fuskar nan toka-toka take, kuma babu zauren da mutane ke daɗewa a ciki kamar nata.

Shekarar da matata Livia ta rasu, na kulle kaina a gida. Kika hawo benena da tukunyar miyar wake da kabeji, kina haki, kika ce, "Tashi ka ci, sakarai. So kake Livia ta ce na bar ka ka bushe kamar kifi?" Haka kika yi ta zarya har na koma bakin aiki.

Daga baya idanunki suka soma dushewa, har suka tafi gaba ɗaya. Duk da haka kowace Litinin, ranar da ake rufe gidan, 'yarki Ilaria takan kawo ki, ki zauna gaban Maryamu, ki sa ni in faɗa miki abin da nake gani. Zuwanki na ƙarshe, numfashi yana yi miki wuya, kika ce, "Neri, ban da daɗin baki. Fentin hannunta ya soma tashi?"

Na ce, "Ya soma, Maestra."

Kika buga sanda a ƙasa. "To zaman me kake yi kusa da tsohuwa? Je ka ɗauko kayan aiki."

Na tafi. Kafin in dawo jikinki ya tsananta, Ilaria ta fita da ke. Rabuwarmu ke nan, ko sallama ba mu yi ba.

Allah Ya jiƙan ki, Maestra, Ya yafe miki kurakuranki, Ya buɗe miki idanu a gidan gaskiya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ilaria da mijinta Lapo da 'ya'yansu, da ƙaninki Fosco. Allah Ya sanyaya zukatanku. Mu da muka rage a ɗakin gyara, Allah Ya ba mu haƙuri, domin yanzu in aiki ya cije, ba mu da wanda za mu tambaya.