Gazali Mai Cin Saifa

A kan tsire Inna Marka ta yi faɗa da jikanta Gazali. Ɗan kabu-kabu ne tsakanin Fakku da Kebbe, yana fama da sikila tun yarinta, har likitoci a Sakkwato suka cire masa saifa. Suka ce daga yau ƙaramin ciwo na iya kayar da shi: ya sha magani kullum, ya kwana a gidan sauro, in zazzaɓi ya taɓa shi ya zo asibiti a ranar.

Gogan naka ya ajiye maganin. Kowace ranar kasuwa sai ya ci gasasshiyar saifar rago, wai yana mayar da wadda aka cire.

Inna ta ce, "Maigidan, da haka abin yake, ai da ƙwaƙwalwa na saya maka!" Wata guda bai gaishe ta ba.

Da damina zazzaɓi ya kama shi, ya ce sai gobe. Inna ta sa maƙwabci ya ɗora shi kan babur ya kai shi asibiti nan take. Kwana fuɗu ya yi yana shan allura, likita ya ce da an kwana da sai gawa.

Ya zo mata godiya da tsire a takarda. Ta karɓe, ta ce, "Haɗiye maganin nan ina kallo, sannan in sam maka tsinke guda."