Jar Motar da Ke Tafasa a Gaban Jama'a

Ko tsufa zai kwashe mini komai a ka, har in riƙa neman hulata tana bisa kaina, ba na jin zai iya kwashe labarin jar motar nan da ta so ta mayar da ni abin dariya daga Gwiwa har Babura.

Ni dai boko ban yi nisa ba. Tun ina ƙaramin aji na gane ni da baƙin allo ba ma ga maciji, na koma bin jakin babana. Noma da awon hatsi a kasuwar Gwiwa su suka riƙe ni har furfura. Babban ɗana kuwa, wanda al'ada ba ta bar ni in kama sunansa ba, harkar shigo da motoci yake ta iyakar Nijar. Wata rana ya zo da wata 'yar mota ja mai ƙofa biyu, gajera kamar kunkuru, amma in ka taka ta sai bayanka ya manne da kujera. Ya ce ta samari ce, zai ajiye kafin a samu mai so. Na ce ai an samu, ga shi tsaye a gabanka. Haka ta zama tawa.

Shigarta sai na cire hula na naɗe babbar riga, fita kuwa sai uwargida ta kau da kai don kada ta ga mijinta na rarrafe. Abu ɗaya ne bai yi mini ba, odarta, sai ka ce kukan ɗan tsako. Mutumin da ya san kowa kuma kowa ya san shi, yaya zai gai da jama'a da kukan tsako? Na je tasha aka ɗaura mini irin ta manyan motoci, mai kiɗa.

Ba a jima ba ta fara halinta. In na hau titin Kazaure na sakar mata linzami, lafiya lau, allurar zafi tana tsakiya kamar an kafe ta da ƙusa. Amma ina shigowa gari, daidai inda mutane suka fi yawa, sai allura ta haura ja, tururi ya turnuƙe daga bonet. Ba ta taɓa yi mini haka a daji ba, inda daga ni sai Allah. Sai a bakin kasuwa, ko gaban majalisar abokaina.

A majalisar nan akwai taubashina, ɗan ƙanwar babana, wanda tun muna yara ba ya raga mini. Duk ranar da ta tafasa sai ya miƙe ya ce, "Jama'a a kawo ganyen shayi da sukari, ango ya iso da butarsa!"

Na zaga garejoji. A Kazaure aka wanke lagireto, aka canza murfinsa. A Babura aka canza famfon ruwa, wani kuma ya cire ɗan ƙarfen nan mai tsare ruwa, ya ce na ƙasar sanyi ne. Ba laifinsu ba ne, don duk sanda na kai ta, ta riga ta huce. Su tayar da ita, su jira, fanka ta kama juyawa. Sai su ce, "Baba, motar nan lafiyarta ƙalau." Ni kuma in dawo Gwiwa ta dafa ni.

Uwargida ta yanke hukuncinta tun da wuri. Ta ce, "Malam, ciwon da ba ya tashi sai a gaban mutane ai ba na makaniki ba ne. Baki ne. Kuma ka san bakin wa." Har turare ta yi wa motar. Ni ma, kada in yi muku ƙarya, na fara kallon taubashina a karkace.

Sai yaron nan, babban ɗana, ya samu labari. Ya zo ya durƙusa, cikin ladabi amma ba wasa a fuskarsa. Ya ce, "Baba, in ta ci gaba da tafasa gaskit zai ƙone, injin ya tafi gaba ɗaya. Ranar kasuwa mai zuwa zan ɗauke ta, in kawo maka mashin." Na ce to. Amma a baki kawai. Wanda ya saba shiga kasuwa da jar mota a dawo da shi kan mashin, ai taubashina ya samu abin yi har ya mutu.

Ana cikin haka aka yi mana rasuwa a Roni, wani dattijo cikin dangi. Dole mu je. Uwargida ta zauna gaba, taubashina muka ninke shi a kujerar baya, gwiwoyinsa a haɓarsa. Muka isa da tsakar rana, zafi kamar a gasa gurasa, kuma daidai an dawo daga maƙabarta. Lungun ya cika maƙil. Haka muka riƙa bin bayan mutane a hankali, kamar mai bin tsohuwar jaka, kowa yana waiwayen motar. Na ce a raina yau kam kunyar har gidan makoki. Idona na kan allura, ina jiran ta tashi. Ko motsi ba ta yi ba. Muka yi gaisuwa, muka sake ratso taron haka, shiru.

A hanyar dawowa ina ta juya abin. Ga jama'a, ga idanu, ga tafiyar hawainiya, ga ma wanda ake zargi a cikin motar, amma ba ta tafasa ba. Sai na ji taubashina daga baya yana cewa, "Allah ya jiƙan mamaci. Ko ba komai, albarkacinsa yau kunnuwanmu sun huta da odar nan taka."

Na taka burki har hularsa ta faɗo gaba.

Wa zai danna oda mai kiɗa a gidan makoki? Ranar ce kaɗai na shiga taro hannuna bai taɓa ta ba.

Na gangara gindin wata tsamiya, na buɗe bonet, na bar injin yana aiki har fanka ta kama. Na ce, "Hajiya, danna mini odar nan, kada ki saki."

Ta ce, "Ni? Da girmana, daga wurin ta'aziyya?"

Na ce, "Danna dai, mamaci ba zai ji ba."

Ta danna. Shanun wani Bafulatani da ke kiwo kusa suka ɗaga kai. Ta saki, ta sake dannawa, kamar yadda nake yi in ina gaisawa. Ina kallo fanka ta fara rage gudu, ta yi tangaɗi, ta tsaya cak. Na bi wayar odar da yatsa, sai ga ta an murɗa ta a jikin wayar fanka, an naɗe da leda. Na taɓa wurin, ya ƙone ni. Wallahi ban taɓa jin daɗin ƙuna irin ta ranar ba. Ashe in na yawaita oda mahaɗin ne ke zafi ya saki, fanka ta mutu. A titi iska na sanyaya injin, ba a ganewa. In mahaɗin ya huce kuma ya sake kamawa, makaniki ya ga komai daidai.

Na yi ta tsalle a bakin hanya ina cewa na kama ɓarawo. Taubashina ya ce, "Hajiya, sai a biya ni kuɗin bakina da aka ɓata." Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Washegari na kai ta wurin mai wayarin a Kazaure, na nuna masa da hannuna. Ya ja wa oda wayarta daban daga batir, da fiyus nata, ya canza mahaɗin fanka da ya narke, aka kuma mayar da ɗan ƙarfen da aka cire. Ya ce, "Baba, ai da ka ce mana kana yawan oda." Na ce, "Ɗana, wa ya tambaye ni?"

Ranar kasuwa yaron nan ya zo ɗaukar mota. Na ce ya shiga in kai shi tukuna. Na ratsa kasuwar Gwiwa tun daga 'yan hatsi har 'yan awaki, a hankali, ina danna wa kowa oda, har waɗanda ba ma shiri. Shi kuwa ya ƙura wa allura ido. Na zaga na sake zagawa. Tana tsakiya. Da muka tsaya ya yi dariya ya ce, "Baba, wane gareji ne ya gano ta?" Na ce garejin gindin tsamiya, kuma shugabansa ne ke tuƙa ka. Ya sauka ya nemi motar haya ya koma.

Abin da na koya shi ne, in matsala tana zuwa tana tafiya, kafin ka tambayi wa ke kallonka lokacin da ta zo, fara tambayar me hannunka yake yi.