Gaurakan da Inna Ta So Ji

Tun da na ɗauko Inna daga ƙauyenmu na bayan Ƙarfi na kawo ta Funtuwa, ba ta taɓa roƙona komai ba. Ko goro sai na matsa mata. Shi ya sa ranar da ta ce, "Ni dai in ƙara jin kukan gauraka kafin in mutu," na ƙudurta sai na cika mata wannan buri.

Da kukan nan ta girma. Ta ce da sassafe bibbiyu suke sauka a fadama, su yi ta rawa suna kaɗa tukku, kuma ko yaron da ya fi kowa ƙiriniya ba ya jifan su. Ni ban riske su ba. Abin da na riska shi ne tumatir har bakin ruwa da warin maganin feshi. Na kunna mata kukan a waya, ta kawar da kai ta ce, "Rediyo na ce maka ina so?"

Sai na yi tunanin 'yan boko: ai akwai gandun dajin da gwamnati ke tsaro, can komai na nan. Yini guda muka yi a hanya, ƙafafunta suka kumbura. Washegari aka zuba mu a buɗaɗɗiyar mota tare da masu yawon buɗe ido. Mun ga gwaggon biri, mun ga mugun dawa ya ɗaga wutsiya yana gudu, mun hango gwanki ɗaya. Kowa na ihu yana ɗaukar hoto, Inna kuwa ta rufe ido ta kasa kunne. Can ta taɓa ma'aikacin da ke zagayawa da mu.

"Ɗan nan, ina gaurakinku?"

"Wallahi Hajiya, tun da na kama aiki nan ban taɓa ganin su ba sai a hoto."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don tsuntsun ne suka zana ƙato a allon ƙofar shiga. Na yi ta faɗa har muka fita, kamar shi bawan Allah ne ya cinye su.

Bayan mun dawo, wani maƙwabcina ya ce min ai wahalar banza na sha, akwai wani Alhaji a nan cikin gari da ke kiwon gauraka don ado. Na nemi izini, na kai ta da hantsi.

Gauraka ɗaya muka tarar, yana tsaye a kan siminti, tsakanin tankin ruwa da injin wuta. An datse masa fiffike, tukkun ya yi duƙun-duƙun. Inna ta kwance bakin zanenta, ta watsa masa dawar da ta ƙullo tun daga gida. Ya dube ta da ido ɗaya, bai ci ba. Muka zauna a benci har rana ta take, bai yi kuka ko sau ɗaya ba.

"Malam, ba ya kuka ne?" ta tambayi maigadi.

"Da yana yi, Hajiya. Su biyu aka kawo. Tun da macen ta mutu ya yi shiru."

Inna ta daɗe tana kallon sa. Ita ma tun rasuwar Baba maganarta ta ragu, ni kuma na ɗauka daɗin fanka da ruwan famfo ne ya sa ta natsu.

Ta dafa kafaɗata ta miƙe. "Kai ni gida," ta ce.

Na san gidan da take nufi. Amma a lokacin hanyar ƙauyenmu ba ta biyuwa saboda rashin tsaro, dangi ma sun watse. Na juya kan mota zuwa gidana.

Kafin kaka ta rasu. Da mata suka zo naɗe kayanta, sauran dawar na nan a ƙulle a bakin zanen.