Mutumin da Kogi Bai Sallama Ba

Ƙarfe shida saura kwata, kafin matan garinmu Situnda su hura wuta, za ka ji ƙarar takalmin roba a kan raɓa. Bo Likando Muyunda ke nan (Bo kalmar girmamawa ce a wurinmu), cikin kakinsa da ya sha guga har ya koɗe, fensir a bayan kunne, littafi cikin leda a hammata. Zai gangara bakin kogi, ya shiga ruwa iya gwiwa, ya goge gansakukar da ta kwana a jikin sandar awo, dogon ƙarfen nan mai jan fenti da lambobi. Sannan ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da fuskar ruwa. Bai taɓa karanta lamba a tsaye ba. Ya ce wanda ya karanta a tsaye sai ya zalunci kogi da yatsa biyu.

Ƙarfe shida na yamma ya dawo ya maimaita. Ƙarshen wata ya kwafe lambobin a takardar gwamnati, ya liƙe ambulan, ya ba mai jirgin ruwan kasuwa ya kai ofishin ruwa da ke Boma, hedikwatar gundumarmu. Shekara talatin da huɗu yana haka. Ranar da aka binne mahaifiyarsa ma, mutane sun ga ya zame daga makabarta ya nufi kogi da hawaye a fuska.

Wannan watan ya ajiye aiki, ido ya gaza. Amma har yau in aka tuna abin da ya fito fili bara, sai ka ga dattawa sun riƙe baki.

Kowace shekara ruwa yakan cinye fadamarmu, mu kwashe mu hau tudu, shanu su yi iyo su ƙetare mashigi. Tun kakanni alamar tashi ɗaya ce: ranar da ruwa ya taɓa saiwar babban ɓauren da ke bayan gari, mai gari ya sa a buga ganga. Amma mutane sun saba tsayar da mai kaki a hanya su ce, "Bo Likando, me gwamnati ta ce yau?" Shi kuma ya buɗe littafi ya faɗa.

Shekara takwas da suka wuce bashi ya shaƙe wuyan ƙasa. Rediyo ya ce za a rage ma'aikata. Aka ɗauke malamin dabbobi. Babur ɗin malamin gona ya yi tsatsa a gindin mangwaro. Asibitinmu ya koma hannun mace ɗaya. Bo Likando kaɗai ya rage, kullum cikin kaki. Ana tsokanarsa, "Kai dai faɗa mana gaskiya, wane babba gare ka a Lusaka?" Sai ya yi murmushi ya wuce.

Bara, a watan Fabrairu, ya tsuguna gaban sanda kwana uku a jere yana ganin abin da bai yarda da shi ba. Ruwa na hawa ninki uku na yadda ya saba. Ya zazzage tsofaffin littattafansa a tabarma, bai sami shekara mai kama da ita ba. Ya je ya duba ɓaure, ƙasa a bushe ƙamas. Sai ya bi gefen sabon titin nan da aka ciyo bashi aka gina a kan tulin ƙasa, ya ratsa fadama. Nan ya ga dalili. Ciyawa ta toshe kwalbatoci, titi ya tare ruwa kamar madatsa. Ɓaure ba zai ga ruwa sannu a hankali ba, zai gan shi ne gaba ɗaya.

Ranar Litinin ya durƙusa gaban mai gari, Bo Sianga, ya tafa hannu yadda ake yi wa manya.

"Ranka ya daɗe, a buga ganga yau. In Alhamis ta same mu a nan, ba saniyar da za ta ƙetare mashigi."

"Likando, ka sha wani abu ne da sassafe? Jiya jikokina suka yi wasa a gindin ɓaure, ko ƙafarsu ba ta jiƙe ba. Masara saura mako biyu. In ce wa mutane su bar abincin shekara su gudu?"

"Ɓaure bai san an yi titi ba, ranka ya daɗe."

Aka tara gari. Shanu ɗari huɗu da wani abu ne a fadama, su ne sadakin 'ya'yanmu, su ne kuɗin makaranta, su ne nonon da ake cin tuwo da shi. Mutane suna gunaguni, amma sun fara karkata. Gwamnati ce ta faɗa, wa zai ja?

Daidai nan jirgin kasuwa ya iso. Mwangala ya sauko, ƙanin matar Bo Likando, ɗan kasuwa mai gonar shinkafa mafi girma a Situnda. Ya ratsa taro yana dariya, da ƙunshin soyayyen kifi a hannu.

"Mulamu!" Haka yake kiran mijin yayarsa. "Na kawo maka tsaraba daga gwamnatinka. Ci kifin, amma ka fara karanta takardar."

Ya warware ƙunshin ya ɗaga sama. Takarda ce ta jiƙe da mai, layi-layi da lambobi, da irin rubutun da kowane yaro a garin ya sani. A ƙasa ga sa hannu: L. Muyunda.

"Ofishin ruwa? Shagon fenti ne yanzu! Shekara bakwai da rufe shi. Mai gadi ke karɓar ambulan ɗinka yana tarawa, in buhu ya cika ya sayar wa masu suya. Duk kasuwar Boma da lambobinka ake ƙunshe kifi, mulamu. Na tambayi wani tsohon akawu, ya ce an soke gurbinka tun wancan lokacin. To wace gwamnati ce ta ce mu bar shinkafarmu?"

Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka.

Bo Likando ya miƙa hannu ya karɓi takardar. Ya san an sallame shi, wannan ba labari ba ne a wurinsa. Amma ranar da aka ba shi takardar sallama, jami'in ya dafa kafaɗarsa ya ce ya ci gaba da aikowa, akwai masu karantawa a sama. Ya yarda. Shekara bakwai yana zaune gaban fitila yana gyara kowane sifili don kada manya su ga kuskure. Ya dubi takardar, ta watan Yuni ce na shekarar da ya yi zazzaɓi, wadda ya rarrafa zuwa kogi don kada layi ɗaya ya zama fanko. Ga ƙayar kifi manne a kanta.

"Likando," in ji mai gari da murya ƙasa-ƙasa, "gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

"Shekara bakwai kana yaudararmu da kaki?"

"Da na tuɓe shi, wa zai tsaya ya ji lamba daga bakin Likando ɗan masunci? Gwamnati ta sallame ni. Kogi bai sallame ni ba."

Aka yi caa. Wani ya ce a ci shi tara. Wani ya ce hauka ce. Mwangala na ta kyakyata dariya.

Sai yayarsa ta miƙe, Bo Nasilele matar Bo Likando, macen da ba a taɓa jin muryarta a taro ba.

"Mwangala, rufe wannan bakin mai warin kifi. Ni na goya ka, na san ranar da ka daina fitsarin kwance." Dariya ta juya kansa. Ta fuskanci jama'a. "Kuna tsammani ban sani ba? Ni ke goge kakin nan. Shanunmu goma sha huɗu ne da, yanzu shida. Ina sauran? Fenti, takarda, fensir, kuɗin jirgi, da abin da muka ci. Ku da kuke cewa yana da babba a Lusaka, ga babban nan tsaye gabanku, ni ce, da kifin da nake busarwa. Gobe da safe za mu ƙetare da shanunmu. Masararmu kuwa, wanda ya zauna ya ci."

Talata da hantsi gari ya fito ya ga abin da bai taɓa gani ba. Bo Likando a ruwa har ƙirji, yana kora shanu shida, ya bar gonar da ta fi ta kowa kyau a tsaye, ko waiwaye bai yi ba. Mutum ba ya barin abincin shekararsa don wasa. Mata ne suka fara ɗaure tukwane. Da azahar Bo Sianga ya dubi ɓaure, ya dubi matansa da kaya a ka, ya ce, "Ku buga gangar nan kafin a bar ni ni kaɗai." Laraba kafin rana ta faɗi an gama ƙetarewa, maruƙa a cikin kwale-kwale, manya suna iyo.

Mwangala kaɗai ya ƙi. Ya ce ba zai bar shinkafa saboda takardar kifi ba.

Alhamis da safe titi ya ɓalle. Waɗanda ke kan tudu sun ji ƙarar kamar ta manyan motoci a jere. Suna kallo Situnda ta nutse, rufin ciyawa na yawo kamar faifai. Mashigin da yara suka bi jiya ya koma abin da ko dorina za ta yi shakkarsa.

Bo Likando ya tura kwale-kwale. Aka riƙe shi, ya fizge. Ya ce lokacin awo ya wuce da awa guda.

Bai sami sandar ba, ruwa ya shanye ta. Abin da ya samu shi ne Mwangala a can saman ɓaure, rungume da reshe, ba riga, shanunsa goma sha ɗaya sun tafi.

"Mulamu! Don Allah, mulamu!"

"A'a, mai shinkafa, kai ne a sama? Duba mana, ruwa ya taɓa ɓauren ko da saura?"

"Ka yafe mini! Matso da jirgin!"

"Dakata in rubuta."

Kuma ya rubuta ɗin. Ya zaro wuƙa, ya sunkuya har idonsa ya yi daidai da ruwa, ya yi tsaga a jikin ɓaure, ya sa lokaci a littafi. Sannan ya miƙa wa ƙanin matarsa hannu.

Kai ne, Bo Likando, wanda aka goge sunansa da alƙalami a wani ofishi mai sanyi, aka manta ba a gaya wa kogi ba. Kai ne ka sayar da saniya ka sayi fenti don lambar da ba mai biyanka ta fito sarai. Wanda ya ja layi a kan gurbinka ya rage wa gwamnati abin da bai kai kuɗin man motarsa ba, bai san a ƙarƙashin layin akwai shanu ɗari huɗu da garin mutane ba. Mai tsuguno gaban ruwa, ka ɗaga kan Situnda.

Ba fansho, mun bincika. Sunansa ba ya cikin kowane jeri. Ranar da ya ajiye aiki gari ya haɗa masa shanu takwas, daidai waɗanda suka tafi a fenti da takarda, Bo Sianga da kansa ya riƙe igiyar ta farko. Takardar kifin tana manne a bangon makaranta da tabon mai a jikinta.

Mun gode, Bo Likando. Mun gode, Bo Nasilele. Ku kuma masu karatu, ku duba garuruwanku da kyau. Wannan ungozomar, wannan mai duba famfon, kun tabbata har yanzu ana biyansu? Ku tambaya tun suna raye. In kuma an rufe ofis an bar aikin da rayuka suka rataya a kansa, kada ku jira Lusaka, wani ya tuɓe takalmi ya shiga.

A Situnda an samu wanda ya shiga. Ƙarfe shida saura kwata za ka ga Mwangala a ruwa iya gwiwa, littafi a hammata, ba albashi, ba kaki. A bakin gaɓa kuma wani tsoho na zaune a kan kujera, ido ya dushe, amma kunne na nan. In bai ji ƙarar tsuguno a ruwa ba sai ya ɗaga murya:

"Tsuguna, mai shinkafa! Ina jin ka a tsaye!"