Sikeli Ɗaya, Makarantu Uku

Har gobe ban manta da Talatar da sufeto ya kife sikelinmu ya duba gindinsa ba. Farkon shekarun dubu biyu ne, ina mai kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata sakandare a Gummi. Aikina shara da riƙe makulli, domin ban da bencina babu komai a ɗakin.

Ga ƙa'idar, don waɗanda ba su san aikin ba: sai sufeto ya ga kayan gwaji da idonsa ya sa hannu kafin ɗalibai su zauna jarrabawar Fiziks. Mu da wata makaranta a Anka da wata a Bukkuyum kaya ɗaya muke da su. Duk inda sufeto zai je, kayan kan riga shi isa a bayan akori-kura, ni ne ɗan rakiya. A shekarar ɗalibanmu na ajin ƙarshe ke jiran sa hannun nan. In babu shi, karatunsu na shekara uku ya tashi a banza.

Malaminmu na Fiziks, Malam Bawa, mutum ne da ba ya dariya kuma ba ya ƙarya, abin da ya sa shugaban makaranta ba ya son ganinsa kusa da baƙi. Yakan ce ƙananan ƙwayoyin da aka gina komai da su ba su da tsayayyen wuri sai an auna su, kafin nan yiwuwa ce kawai. Wai wani tsohon masanin Girka ya riga kowa hango haka, da ya ce iri ba shuka ba ne amma shukar na cikinsa tana jira. Ni dai nakan ce to, in ci gaba da shara.

Sufeton dattijo ne mai furfura. Ya zaga ɗakin, ya ɗaga sikeli, ya kife shi. A gindin akwai ɗigon jan biro. Shi ya ɗiga shi jiya a Anka, ni kuma na ɗauko abin ban duba ba. Shugaba ya shiga tari.

Sufeto ya dubi Malam Bawa ya ce, "Malam, wanga sikeli ina shika kwana?"

Malam Bawa ya ce, "Ranka shi daɗe, in ba a duba ba, shina Anka, shina Bukkuyum, shina nan. Da kun duba sai shi tsaya wuri guda."

"Ɗakin ga hwa?"

"Iri na, ranka shi daɗe. Ɗakin gwajin na ciki nai, bai tsiro ba tukuna."

Babu wanda ya yi dariya. Sufeto ya rufe fayil bai sa hannu ba, ya shiga mota. Shugaba ya ce wa Malam Bawa ya kashe yaran mutane da Girkancinsa. Ni ma na ji haushinsa ƙwarai, domin na san iyayen yaran nan ɗaya bayan ɗaya. Sati uku ban gaishe shi ba.

Wata Talata da hantsi sai ga sufeto a bayan ɗan acaɓa, ba takarda ba sanarwa. Kaya suna Bukkuyum. Shugaba ya tafi fadama duba shinkafarsa. Na buɗe masa ɗaki ya ga bencina.

Daga nan ya jiyo ƙirge a gindin dalbejiya. Malam Bawa ne da ɗalibansa, sun ɗaure dutse a zare yana lilo, suna auna lokacinsa da agogon hannun Malam. Kowace Talata haka suke yi tun kafin a ɗauke ni aiki. Sufeto ya karɓi zaren ya rage tsawonsa, ya tambayi wata ɗaliba abin da zai faru. Ta faɗa, aka auna, haka ya fito.

A kan gwiwarsa ya ɗora fayil ya sa hannu. Da zai hau acaɓa ya ce mini, "Ka ce ma shugaba na duba, na iske ɗakin gwajin shina nan."

Na yi shekara ashirin da shida a aikin, na ga abubuwa da yawa da ba sa samuwa sai ranar da babba zai duba. Malam Bawa kaɗai na sani wanda yake wurinsa ko babu mai kallo. Washegari ni na fara gaishe shi.