Kaya Ɗari Huɗu, Fata Ɗaya

Wata rana 'yan mata biyu suka yi sallama a gidan wata tsohuwar dillaliya a Funtua, Gwaggo Lantana. Kowacce da kamfaninta, irin kasuwancin nan da za ka sayi kaya ka sayar, ka kuma jawo wani ya shiga ƙarƙashinka.

Ta farko sabulu ta kawo, da man shafawa, da garin kunu. Iyakar kayan kamfaninsu ke nan.

Ta biyu, Basira, waya ta miƙa. Gwaggo ta yi ta jan hotuna har yatsanta ya gaji, kaya ba su ƙare ba.

"Kala ɗari huɗu ne, Gwaggo. Babu gidan da za ki shiga ki fito ba a sayi komai ba."

Duk dillaliya ta san takaicin kwance ƙunshi a tsakar gida, a jujjuya, a ce, "Babu wani?"

Gwaggo ta sayar da tumakinta biyu ta shiga kamfanin Basira.

To, Gwaggo tana da ƙa'ida. Matan unguwa ba sa karanta rubutun jikin kwalba. Tambayarsu ɗaya ce: "Gwaggo, kin gwada?" In ta ce ta gwada, ciniki ya faɗa. Atamfa sai ta jiƙa gefenta ta ga ko tana zuba. Turare sai ya wuni a jikin mayafinta. Tun tana yarinya ba ta taɓa faɗin kalmar nan a kan ƙarya ba.

Sai ta hau gwaji.

Hannun dama man laushin fata, hannun hagu man ƙaiƙayi. Da safe shayin rage ƙiba, da yamma garin ƙara ƙiba. Man gashi, man gwiwa, man goge 'yan haƙoran da suka rage mata.

Shayi da gari suka rikita mata ciki. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa zaure, ta dawo. Kwalaye sun cinye gadonta.

Ba ta kai ko'ina ba wata ya ƙare, aka ce sai ta sayi sababbi, in ba haka ba, a sauke ta daga matsayinta a kamfanin. Ta kira Basira, Basira ta yi dariya ta ce, "Wa ke gwada kaya ɗari huɗu? Ki ce kin gwada kawai mana."

Da wannan maganar a kunnenta ta shiga gidan Hansai, wata mai jego da ƙuraje suka feso wa jaririnta a wuya. Hansai ta zaro wata kwalba mai hoton jariri, har ta murɗe murfin.

"Gwaggo, kin gwada?"

Gwaggo ta dubi kwalbar. Ta dubi wuyan yaron. Ta tuna tumakinta.

"Rufe, 'yar nan. Ban gwada ba."

"To wanne kika gwada?"

Gwaggo ta yaye mayafi ta miƙa hannayenta. Ɗaya ya yi jajir, ɗaya yana ɓawo.

"Ai ke ya kamata a sayar wa magani, Gwaggo," in ji Hansai. Ta mayar da kwalbar cikin ƙunshi da hannunta.

A dillanci, abin da bai shiga ba mai shi ake mayar wa. Haka Gwaggo ta taso ta gani, haka ta ɗauka abin yake ko'ina. Ta loda kwalaye a adaidaita sahu ta nufi ofishin kamfanin.

Saurayin da ke bayan tebur ko kallon hannayenta bai yi ba.

"Mama, ba ma mayar da kuɗi. Amma kina iya canzawa da wasu. Muna da kala ɗari huɗu."

Ta sake biyan kuɗin mota ta dawo da su gida.

Yau Gwaggo ta koma ƙaramin ƙunshinta. In ta ce ta gwada, har gobe saye ake yi. Kwalaye kuwa suna nan a kan gado, ita tana kwana a tabarma.

Duk zamana a aji ina koyarwa, ban taɓa yi wa yaro jarrabawa a kan darasin da ban koya masa ba. An nuna wa matar nan hotuna, ba a gaya mata cewa kaya in sun fita ba sa komawa ba. Wannan ba mantuwa ba ce. Masu kamfanin su karɓi kayansu, su ba ta kuɗin tumakinta, Basira kuma ta taka da ƙafarta ta ba ta haƙuri. Ba alfarma ake nema ba, haƙƙinta ne.

Darasi: Kafin ka zaɓi kamfani, kada ka tambayi kala nawa suke da shi. Ka tambayi nawa za ka iya sani har ka tsaya musu da bakinka, da kuma inda za ka kai wanda bai shiga ba.

Ku tura wa 'yan uwa, musamman iyayenmu mata da ake bi har ɗaki da waya. Ku yi ta turawa har ya isa teburin saurayin nan.